Allurar korona a Damagaram: wa zai sabunta, wa tsohon katinsa ya ishe shi

A gidaje da yawa na Damagaram akwai katin allurar korona na 2021 ko 2022 kwance a ƙasan akwati, cikin leda ɗaya da takardar haihuwa da takardun fili. Mai katin ya ɗauka an gama. Sai ɗansa da ke karatu a Faransa ya bugo waya ya ce can duk shekara kafin sanyi ana kiran waɗanda suka kai shekara 65 a sabunta musu, tare da allurar mura. Ko kuma maniyyaci ya ji ana maganar takardun rigakafi kafin tafiya Makka. Daga nan tambaya ke tasowa: mu ma sai mun sake? In za a sake, wacce, kuma yaushe?

Hanya uku ce a gaban mutum. Ko ya tsaya a kan tsohon katinsa, ko ya karɓi allurar da ya tarar a asibitin da ke kusa da shi, ko ya nace sai sabuwa fil wadda aka haɗa don nau'in ƙwayar da ke yawo bana, ko da zai jira ta, ko ya bi ta har Yamai ko Kano. Abin da ke raba gardama shi ne shekarun mutum da halin jikinsa. A ganina gida ɗaya yana iya ɗaukar amsa biyu: tsoho mai ciwon suga ya sabunta, jikansa ɗan kabu-kabu ya bar damtsensa ya huta.

Allurar ciwon shawara sau ɗaya ake yin ta, ta kai mutum har ƙarshen ransa. Ta korona ba ta samu wannan sa'a ba, kuma laifin na ƙwayar cutar ne. Tana da wasu ƙayoyi a jikinta waɗanda take maƙalewa da su a hanci da maƙogwaro da huhu. Aikin allura shi ne ta nuna wa garkuwar jiki siffar ƙayar, don ta gane ta ranar da ta zo. Ita kuwa ƙwayar, duk sanda take hayayyafa a jikin mutum, tana yin ƴan kurakurai wajen kwafar kanta. Yawancinsu ba su da wani amfani gare ta, amma wanda ya sauya kamannin ƙayar har garkuwa ta kasa gane ta da wuri, shi ne zai bazu ya danne sauran. Kamar dogari ne da aka nuna wa ɓarawo cikin farar riga da jan rawani. Ranar da ɓarawon ya dawo da wasu tufafi zai wuce ƙofar farko, amma in ya shiga zaure aka ga tafiyarsa, aka ji muryarsa, za a cafke shi kafin ya kai turaka. Sinadaran garkuwa da ke yawo cikin jini, masu tare cutar tun a bakin ƙofa, suna raguwa cikin ƴan watanni, kuma sauyin ƙaya yana ruɗa su. Ƙwayoyin garkuwa na can ciki, masu hana cutar cin huhu, sun fi su dogon tunani, kuma ba ƙaya kaɗai suke dubawa ba. Shi ya sa wanda ya yi allura yake iya kamuwa, amma da wuya ta kai shi ga gadon asibiti.

Sauyin kuwa ba ƙarami ba ne. Bayan ƙwayar farko ta Wuhan ta ƙarshen 2019, an ga Alfa a Ingila, Beta a Afirka ta Kudu, Delta a Indiya, sannan a Nuwamba 2021 Omicron ta bayyana da sauye-sauye fiye da 30 a kan ƙayar kaɗai. Tun daga nan duk waɗanda suka mamaye duniya jikokin Omicron ne, masu sunaye kamar lambar mota: BA.5, XBB.1.5, JN.1, KP.2, LP.8.1, XFG. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, tana da kwamitin masana da ke zama kusan duk wata 6 ya duba wane nau'i ya kamata masu haɗa allura su bi. A Mayu 2023 ya ce a koma kan dangin XBB.1, a Afrilu 2024 ya ce JN.1, a Mayu 2025 ya ƙara LP.8.1 cikin waɗanda suka dace. Tsarin allurar mura ke nan, wadda aka daɗe ana sauya haɗinta duk shekara.

To, tsohon kati. Allurar da aka fara yi a Nijar a ƙarshen Maris 2021 Sinopharm ce, guda 400,000 da China ta bayar. A Afrilu AstraZeneca ta iso ta hanyar COVAX, shirin duniya na raba wa ƙasashe allurar korona, daga baya Johnson & Johnson mai allura ɗaya, wadda ta fi sauƙin kai wa ƙauye tunda ba sai an sake neman mutum karo na biyu ba. Dukkansu a kan ƙwayar Wuhan aka gina su, ƙwayar da ta daɗe da ɓacewa daga doron ƙasa. Wanda yake tsammanin allurar 2021 za ta hana shi kamuwa yau, ya sauke wannan tsammani. Amma katin bai zama takardar banza ba, musamman in aka haɗa shi da wani abu da mutane ba su cika lissafawa ba: yawancinmu mun riga mun gamu da cutar kanta, mun sani ko ba mu sani ba. A Afrilu 2022 OMS ta fitar da nazarin gwajin jini da ya nuna cewa kusan kashi 65 cikin ɗari na mutanen Afirka sun riga sun kamu zuwa Satumba 2021, tun kafin Omicron ta zo ta bi gida gida. Wannan mura mai zafi da ta kwantar da kai kwana uku cikin ɗarin 2022, ka sha shayi da citta ka miƙe, mai yiwuwa ita ce. Jikin da ya ga allura kuma ya ga cuta yana da garkuwa mai faɗi fiye da wanda ya ga ɗaya kawai.

Ga kuma yanayin jama'armu. Kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba, masu shekara 65 zuwa sama kuwa ba su wuce kashi 3 cikin ɗari ba. Waɗanda aka tabbatar sun kamu a duk ƙasar ba su kai 10,000 ba, mamatan da aka rubuta sun ɗan haura 300. Gwaji ya yi ƙaranci, don haka lissafin bai kama kowa ba, amma ba wanda zai ce an ga irin mace-macen da Italiya ta gani. Saurayi ko budurwa mai lafiya, ɗan kasuwar Dole mai shekara 30 da ba shi da wani ciwo, ɗalibin jami'ar André Salifou, tsohon kati ya ishe su. Wannan ba ra'ayina ba ne ni kaɗai: a jadawalin da OMS ta sabunta a Nuwamba 2023, ba ta ba da shawarar a riƙa maimaita wa yara da matasa da manya masu lafiya allurar ba. Wanda bai taɓa yi ba sam, ta ce allura ɗaya ta wadatar da shi, sai mai raunin garkuwa da ke buƙatar biyu ko uku. Ingila ma, da kuɗinta, a kakar 2025 ta taƙaita allurar ga masu shekara 75 zuwa sama, da mazauna gidajen kula da tsofaffi, da masu raunin garkuwa.

Inda nake rabuwa da masu cewa korona ciwon Turawa ce shi ne kan tsofaffi. Ƙarancin tsofaffi a ƙasa yana rage yawan mamata, amma bai rage wa tsoho ɗaya hatsarinsa ba. Kano ba ta da nisa da mu, kuma wanda yake da dangi can bai manta Afrilu da Mayun 2020 ba, lokacin da malamai da dattawan gari suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ministan lafiyar Najeriya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce cikin mace-mace 979 da aka bincika, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna da alaƙa da korona, kuma yawancinsu tsofaffi ne masu wani ciwo tun farko. A nan gida, ranar 3 ga Mayu 2020 cutar ta ɗauki ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar, ɗan jihar nan, yana da shekara 55. Omicron ta fi Delta sauƙi a kan mutum ɗaya, gaskiya ne, kuma OMS ta ɗage dokar ta-ɓacin lafiya ranar 5 ga Mayu 2023. Ɗage dokar bai kori ƙwayar ba. Tana nan tana zagawa, kuma waɗanda take kayarwa yanzu kusan su ne na jiya: mai yawan shekaru, mai ciwon suga, mai hawan jini da ya taɓa zuciya, mai ciwon ƙoda, mai tsohon tarin fuka da ya bar tabo a huhu, mai sikila, mai ƙiba sosai, mai sida da bai daidaita a kan magani ba, mai shan maganin daji.

Ga waɗannan tsohon kati bai isa ba, domin garkuwar tsoho tana saurin mantuwa. Jadawalin OMS ya ce dattijo da mai ciwo mai ɗorewa su sabunta bayan wata 12 da allurar ƙarshe. Tsoho tukuf, wato wajen shekara 75 ko 80 zuwa sama, da dattijon da ciwuka suka taru a kansa, da mai raunin garkuwa, tsakanin wata 6 zuwa 12. Ma'aikacin lafiya da ke cuɗanya da marasa lafiya, bayan wata 12. Mace mai juna biyu, allura ɗaya a kowane ciki. Maganar masu ciki tana ba mutane mamaki, tunda su ne aka fi ɓoyewa daga allura. Dalili biyu ne. Ciki yana takura huhu yana kuma sassauta garkuwa, shi ya sa korona ta fi tsananta a kansu, har takan jawo haihuwar bakwaini. Na biyu, ba a yi wa jariri allurar sai ya kai wata 6, don haka garkuwar da uwa ta miƙa masa ta mabiyiya ita ce rigarsa a watannin farko. Mai zuwa awon ciki ta tambayi ungozoma a ranar da ake duba mata allurar tetanus.

Saura gardama tsakanin hanya ta biyu da ta uku, wato karɓar wadda ke kusa ko nacewa sai sabuwa fil, kuma nan ne masu hali suka fi ruɗewa.

Sabuwar allura ta fi. Wadda aka haɗa don nau'in bana tana tayar da garkuwar da ta fi dacewa da abin da ke yawo. Amma fifikon yana da iyaka. Tsakanin allurar JN.1 da ta LP.8.1 tazarar ba ta da yawa, tunda LP.8.1 daga tsatson JN.1 ta fito. Babbar tazara tana tsakanin dattijon da aka sabunta masa cikin shekarar nan, da kowacce daga cikinsu, da wanda rabonsa da allura tun 2021. Kwamitin OMS ɗin nan kusan duk zamansa yana maimaita cewa kada a jinkirta allura don jiran sabon haɗi. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: sabuwa fil ma a baya take. Kafin a zaɓi nau'i, a haɗa, a cika kwalabe, a yi jigila, watanni sun wuce, ƙwayar ta riga ta haifi wani jika. Mai jiran wadda ta yi daidai da ƙwayar yau ba zai taɓa miƙa hannu ba.

A ɗora wannan a kan taswirar Damagaram. Yamai kusan kilomita 900 ce, yini guda cur cikin mota cike da mutane, tagogi a rufe saboda ƙura, wani na tari a bayanka. A ɗauki Baba mai shekara 78 a kai shi can don allura kaɗai, hatsarin hanyar ya cinye ribar. Kano ta fi kusa, wajen kilomita 240, amma ga iyaka, ga kuɗin mota, ga kuma cewa ba ka da hanyar sanin yadda aka adana kwalbar a wani shagon da ba ka sani ba. In dama akwai tafiya, Hajiya za ta ganin likitan zuciya a Yamai, ko Alhaji zai je duba ido a wata ƙasa, to sai a haɗa, a tambaya can. Tafiya ta musamman domin allura ban ga dalilinta ba. Da babu gara ba daɗi: wadda ke firigon asibitin gwamnati, matuƙar kwananta bai ƙare ba, ta fi wadda ake jin labarinta a waya.

Sai dai samun ma yanzu ba kamar da ba ne. Shirin COVAX, wanda ya raba allura kusan biliyan 2 a duniya, an rufe shi ranar 31 ga Disamba 2023. Ƙungiyar Gavi, mai taimaka wa ƙasashe samun alluran rigakafi, ta ci gaba da tallafa wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da allurar a 2024 da 2025, amma don rukunan da ke cikin hatsari, ba irin gangamin da ake kafa tebur a bakin kasuwa ba. Ke nan mutum ne zai tashi ya tambaya, a CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarsu, ko wajen likitan da ke duba masa suga ko hawan jini a babban asibitin Zinder, wato Damagaram. Kada a jira mai shela.

Game da iri kuwa, waɗanda aka fi sani ana sabunta su biyu ne. Akwai na mRNA, wato Comirnaty ta Pfizer da BioNTech da Spikevax ta Moderna. Su saƙo suke kai wa jiki ya ƙera ƙayar da kansa na ɗan lokaci, garkuwa ta gani ta koya, saƙon ya narke cikin kwanaki. Ba ya shiga inda kundin gadon halitta yake, balle ya sauya shi. Katalin Karikó da Drew Weissman, waɗanda aikinsu ya buɗe wannan hanya, sun karɓi kyautar Nobel a 2023. Akwai kuma Nuvaxovid ta Novavax, wadda ƙayar ce aka riga aka ƙera a masana'anta aka haɗa da wani sinadari daga ɓawon wata bishiyar ƙasar Chile don ya zaburar da garkuwa. Tsohuwar dabara ce, irin ta allurar ciwon hanta da ake yi wa jarirai. Wajen hana kwanciya asibiti dukkansu suna aiki, kuma ba laifi wanda ya fara da Sinopharm ko AstraZeneca ya ci gaba da wani iri. Bambancin da ya shafe mu shi ne sanyi. Ta Pfizer ana ajiye ta a sanyin da ya kai digiri 60 zuwa 90 ƙasa da sifili, in an narkar da ita tana yin mako 10 a firigo mai digiri 2 zuwa 8. Ta Moderna ma kwanakinta ƙidayayyu ne bayan narkewa. Ta Novavax ba ta buƙatar daskarewa, firigo kawai. A garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, wuta kuma na zuwa tana tafiya, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Allurar da zafi ya taɓa ba ta sauya launi ta faɗa maka, aiki kawai take dainawa. Shi ya sa na fi amincewa da wurin da ke yi wa yara rigakafi kullum, mai firigon hasken rana da takardar da ake rubuta awon sanyi safe da yamma, fiye da mai zuwa gida da jaka ya ce yana da ta waje.

Wani abu da zai taimaka wajen gane mai gaskiya: kamfanin AstraZeneca ya janye allurarsa daga kasuwa a Mayu 2024, ta Johnson & Johnson kuma Amurka ta soke izininta a Yuni 2023 bisa buƙatar kamfanin. Duk wanda ya fito maka da kwalbar ɗayansu yau, ka duba kwanan da ke jiki da kyau, ka kuma yi tambaya.

Illa akwai, kuma ɓoye ta ne ke sa mutane su ƙi yarda da sauran bayanin. Abin da aka saba gani shi ne ciwon damtse, kasala, ciwon kai, ɗan zazzaɓi na kwana 1 ko 2, wanda parasitamol ke kwantarwa. Tsofaffi ma sun fi matasa samun sauƙin wannan. Mai tsanani da aka tabbatar ga na mRNA shi ne kumburin tsokar zuciya, abu mai wuyar aukuwa, wanda aka fi gani ga samari masu shekara 12 zuwa 29, yawanci cikin kwanakin farko bayan allura ta biyu, kuma mafi yawansu sun warke. AstraZeneca da Johnson & Johnson an same su da wata matsalar daskarewar jini, ita ma mai wuyar aukuwa. In ka lura, illar ta fi karkata ga waɗanda suka fi ƙarancin buƙatar allurar, ribar kuma ta fi yawa ga waɗanda illar ta fi nisa da su. Wannan kaɗai ya isa ya nuna me ya sa amsar Baba da ta jikansa suka bambanta.

Ba na ganin laifin mai ɗari-ɗari. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka mutu, wasu suka nakasa, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ga kuma ɗacin rufe masallatai a 2020, wanda har Mirriya ta ga tarzoma a kansa. Amma wancan gwaji ne na magani a kan yara ƴan kaɗan cikin gaggawa, wannan kuwa allura ce da aka yi fiye da sau biliyan 13 a duniya, har da Makka da Madina, ana bin sawunta shekara da shekaru. Zancen hana haihuwa an bincika shi ga maza da mata ba a samu ba, kuma matan da aka yi wa a 2021 suna nan a unguwanninmu da goyo. Babu sinadarin alade a cikin Comirnaty da Spikevax da Nuvaxovid. Allurar damtse da ba abinci ba ce, mafi yawan malaman fiƙihu na zamani sun ce ba ta karya azumi, ko da yake wanda yake tsoron kasala yana iya bari sai bayan buɗa baki.

Lokaci kuma. Turawa suna yi a Oktoba domin hunturunsu ne ke cika asibitoci. Korona ba ta tsaya wa kaka ɗaya kamar mura ba, takan tashi ko da rani, amma manyan tashin da aka gani a Nijar bayan na farko sun faɗo ne cikin ɗari: Disamba 2020 zuwa Janairu 2021, sannan Disamba 2021 zuwa Janairu 2022. Ba abin mamaki ba ne. Lokacin ne ƙurar hunturu ke busar da hanci da maƙogwaro, ake rufe ɗaki a kwana da yawa wuri ɗaya, ga garwashi ana jin ɗumi, ga bukukuwan bayan girbi. Allura tana ɗaukar wajen mako 2 kafin ta kama, kuma ƙarfinta ya fi yawa a watanni 3 zuwa 4 na farko. Wanda zai yi sau ɗaya a shekara, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi masa, don ƙarfin ya rufe Disamba zuwa Fabrairu. In ana samun ta mura, ana iya yin su rana ɗaya, kowace a nata damtsen.

Maniyyaci lissafinsa daban ne. Cunkoson Mina da ɗawafi, da mutane daga kowace kusurwar duniya kowa da irin tarinsa, ya fi ɗarin Damagaram hatsari ga tsoho. Shi sai ya auna allurarsa da ranar tashi, ya yi ta aƙalla mako 2 kafin jirgi, ba wata 8 kafin nan ba. Sharuɗɗan Saudiyya suna sauyawa: a 2021 mazauna ƙasar 60,000 kaɗai aka bari, duk masu rigakafi, a 2022 aka buɗe wa mutum miliyan 1 ƴan ƙasa da shekara 65, daga baya aka sassauta. Don haka sharaɗin bana a ji shi daga hukumar alhazai ta COHO ko kamfanin da ya ɗauki mutum, kada a dogara da abin da Alhajin bara ya faɗa. Ta sanƙarau da ta shawara dai tilas ne ga mai tashi daga Nijar. Wanda kuma gwaji ya tabbatar ya yi korona kwanan nan, cutar ta riga ta sabunta masa garkuwa, yana iya jira wata 3 zuwa 6.

Ga matashi mai lafiya da ke da himmar rigakafi, ina da inda zan nuna masa ya kai ta. Daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, OMS ta lissafa mutum 559 da sanƙarau ya kama a jihar Zinder, 18 suka rasu, yawanci yara da matasa. A 2023 mashaƙo ya ɓarke a yankin Matamaye, cutar da allurar jarirai ta yau da kullum take hanawa. Ƙyanda ba ta bar mu ba. Ga maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida gida ana ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 da damina. Magidanci mai shekara 35 da ya tsaya neman allurar LP.8.1 alhali katin rigakafin ɗansa yana da gurbi, ya sa ƙarfinsa inda ba a buƙata. Abin da zai yi wa mahaifinsa ya fi wanda zai yi wa kansa: ya ɗauke shi a babur ya kai shi, kuma ranar da shi kansa yake fama da mura da tari, ya gaishe shi daga bakin ƙofa, kada ya zauna kusa da shi cin tuwo.

In an je asibiti, a tafi da tsohon katin da takardun magungunan da ake sha. A tambayi malamin asibiti sunan allurar, da nau'in da aka haɗa ta dominsa, da ranar da kwananta zai ƙare, a kuma ga an rubuta lambar kwalbar a kati. Mai zazzaɓi a ranar ya bari sai ya warke. Wanda wata allura ta taɓa sa masa kumburin fuska ko sarƙewar numfashi ya faɗa tun kafin a buɗe kwalba, kuma kowa ya zauna minti 15 bayan an yi. Hatimi ba tare da allura ba, irin wanda wasu suka riƙa saya don tafiya a shekarun baya, yana wuce da mutum filin jirgi ne kawai. Dattijon da aka sabunta masa ma, in zazzaɓi ya zo da tari, gwajin zazzaɓin sauro ya nuna babu, numfashi ya fara yi masa wuya ko ya fara ruɗewa, a kai shi asibiti a ranar, a gaya wa likita yaushe aka yi masa allurar ƙarshe da kuma wacce.